Kwana Goma Sha Takwas Kafin a Buɗe Ƙofa

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma gefen tabarma ya yi shiru, irin shirun wanda magana ta cika wa baki. Na ce masa, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Kawu. Mutane ne suka zo suka same ni, wai in fito takarar kansila. Sun ce kada in damu da kuɗin fom, akwai mai saya."

Na san dalilin da ya sa shi suka nufa. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta nan Badun, abin da ya faro daga cacar baki tsakanin ɗan dako da mai shago ya ƙare da gawarwaki da shaguna ƙurmus. Yana cikin samarin da suka kwana a bakin layukan Sabo suna tare 'yan'uwansu masu son fita ramuwa. A nan Badun aka haife shi, a nan aka haifi uwarsa, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa. Shi ya riƙa buga wa abokansa Yarabawa na Mokola waya yana cewa ku riƙe naku, mu riƙe namu. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnoni huɗu suka zo daga Arewa, aka yi jawabai aka watse. Amma tun daga lokacin, in ɗan acaɓa ya goge motar wani, ko mai shago ya yi sa-in-sa da ɗan canji, lambarsa ake nema kafin ta kowa. Su biyar ne ko shida, ba su da ofis, ba su da suna a takarda. 'Yan sulhu kawai ake ce musu.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya dawo ranar Juma'a. Da ya fita, wadda ta faɗo mini a rai wata Bajamushiya ce da ta rasu tun kafin a haife shi, mai suna Petra Kelly, wadda ta yi suna wajen yaƙi da makaman ƙare-dangi, daga baya ta shiga majalisa.

Wani zai ce ina ruwan Sabo da Jamus, ina ruwan mai ɗaurin huhun goro da makamin nukiliya. Akwai ruwa. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, ana tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, bam ɗin da ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Iskar da ke kawo mana hazo kowace shekara daga Sahara take tasowa, kuma duk wanda ya taɓa share ƙurarta a kan taga a nan Badun ya san nisan tafiyarta. Wata taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a 2014 ta nuna cewa burɓushin bam ɗin ya bazu har Chadi da Mali da gaɓar Sifen cikin mako biyu. Tun a Disambar 1959 wasu mutane suka taso daga Accra cikin motoci da niyyar su je su zauna a filin gwajin, Faransawa suka tare su a Bittou, a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Cikinsu akwai Bayard Rustin, baƙar fatan Amurka da ya shirya babban gangamin Washington na 1963, inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairun 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shigowa. Ke nan wannan faɗa mun riga Petra Kelly shigarsa, don a lokacin tana 'yar shekara goma sha uku.

An haife ta ranar 29 ga Nuwamba 1947 a garin Günzburg da ke jihar Bavariya, shekara biyu bayan yaƙin duniya na biyu ya mai da biranen Jamus kufai. Ubanta ya tafi ya bar su tana ƙarama, kakarta ta wajen uwa ce ta ɗauki yawancin renonta. Uwar ta auri wani hafsan sojan Amurka, John Kelly, wanda ta ɗauki sunansa, suka koma Amurka a 1959, zuwa jihar Jojiya, inda a lokacin baƙi da farare ba sa shan ruwa a famfo ɗaya. A can ta ga yadda King da mutanensa suke fuskantar kulki da karnukan 'yan sanda hannu rabbana, abin ya zauna mata har mutuwa. Ta yi karatu a wata jami'a a Washington, ta yi wa Robert Kennedy aikin sa-kai a yaƙin neman zaɓensa na 1968, shekarar da aka harbe King aka kuma harbe shi kansa Kennedy.

Amma abin da ya juya rayuwarta a cikin gida ya faru. Tana da ƙanwa, Grace, da ciwon daji ya kama a ido. Aka cire idon, aka yi ta yi mata gashi, ta rasu a 1970 tana da shekara goma. Petra ta zauna a bakin gadon yarinyar ta ga abin da tururin nukiliya ke yi wa jikin ɗan'adam ko da magani ake nema da shi, sai ta fara tambayar abin da zai yi in an sake shi a kan gari da gangan. Ina tsayawa a nan saboda na lura duk mai sulhun gaskiya da na sani akwai wata gawa a bayansa. Ɗan ƙanwata ma sai da ya taya wankan wani abokinsa a makon Shasha kafin ya zama abin da ya zama.

Ta dawo Turai ta kama aiki a hukumar tarayyar Turai a Brussels. Tana cikin jam'iyyar SPD har 1979, ta fice saboda manufofin shugaban gwamnati Helmut Schmidt kan nukiliya. A Disambar shekarar ƙungiyar tsaro ta NATO ta yanke cewa in Tarayyar Sobiyet ba ta janye makamanta masu linzami samfurin SS-20 ba, za a girke na Amurka a Yammacin Turai: Pershing II guda 108, da wasu masu cin dogon zango ƙasa-ƙasa guda 464. Duk Pershing ɗin a Jamus ta Yamma za a ajiye su, kuma cikin mintoci kaɗan suke isa ƙasar Sobiyet. Bajamushe ya duba gabas ya ga makami, ya duba yamma ya ga makami, ya gane cewa in giwayen nan biyu suka kama kokawa, ƙasarsa ce ciyawar. Mu mazauna Sabo mun san wannan lissafi. In an yi faɗa a Kano a kanmu ake hucewa, in an yi a nan 'yan Sabon Garin Kano ne ba sa barci.

Ranar 13 ga Janairu 1980 aka kafa jam'iyyar Die Grünen a birnin Karlsruhe, wadda kafafen labaranmu ke kira ta masu rajin kare muhalli, Petra na cikin iyayenta, kuma ita ce fuskar da duniya ta sani. A Nuwamban shekarar aka fitar da takardar koken Krefeld, mai neman gwamnati ta ƙi karɓar makaman. Cikin waɗanda suka fara sa hannu akwai ita, akwai wani janar, Gert Bastian, da ya bar aikin soja saboda wannan batu. Zuwa 1983 mutum sama da miliyan huɗu sun sa hannu. A Oktoban 1981 kimanin mutum 300,000 suka taru a Bonn, garin da yau muke jin Sashen Hausa na DW daga cikinsa, a lokacin shi ne babban birni. Ranar 6 ga Maris 1983 jam'iyyar ta samu kashi 5.6 cikin ɗari na ƙuri'u, ta haye shingen kashi biyar da dokar ƙasar ta gindaya, ta samu kujeru 27. Suka shiga majalisa da kayan gida, ba kwat, da furanni da tukwanen shuka a hannu.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarta wata biyu bayan haka ya faru. Abokan hamayya sun daɗe suna cewa masu zanga-zangar nan 'yan amshin shatan Mosko ne, tunda makaman Amurka kawai suke gani. Kuma zargin ba ƙarya ne gaba ɗaya ba, don akwai 'yan gurguzu a cikin tafiyar da ba sa son a ambaci SS-20. Ranar 12 ga Mayu 1983 Petra da Bastian da wasu 'yan majalisa na jam'iyyarsu suka tsallaka Balin ta Gabas, suka tsaya a dandalin Alexanderplatz suka buɗe ƙyallaye masu kiran a kwance ɗamara gabas da yamma. Nan take jami'an tsaro suka kama su, daga baya aka sake su. A ƙarshen Oktoba shugaban Jamus ta Gabas, Erich Honecker, ya karɓe su a fadarsa, yana ganin ya samu abokan da za su taya shi zagin Amurka. Sai ga Petra ta shigo sanye da riga mai ɗauke da alamar masu neman zaman lafiya na ƙasarsa, takobin da ake ƙerawa ya koma garma, alamar da gwamnatinsa ke kama matasa a kanta. Ta nemi ya saki waɗanda ya ɗaure, ta tambaye shi ido da ido me ya sa yake murƙushe a gida abin da yake tafa wa a maƙwabta. A 1985 kuma tana cikin waɗanda suka shiga ofishin jakadancin ƙasarta a Pretoria suka zaune, don nuna adawa da hulɗar Jamus da gwamnatin wariyar launin fata.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Abu ne mai sauƙi Bahaushen Sabo ya tashi a taro ya lissafa zaluncin da aka yi mana a Shasha, za a yi masa kabbara. Mai wuya shi ne ya tsaya gaban yaronmu da ya zaro wuƙa a kan naira ɗari biyu ya ce masa kai ne ba ka da gaskiya, a gaban Bayaraben da aka zaro wa. Ɗan ƙanwata yana yin wannan, na gani da idona, kuma shi ya sa mutanen Mokola suke ɗaga wayarsa. Jarinsa ke nan, ba shi da wani. Masu sayen fom ɗin ma wannan jarin suka gani. Tambayar ita ce ko zai iya shiga da shi jam'iyya ya fito da shi, don jam'iyya gida ce da ake son ka ga laifin waje ka rufe ido ga na ciki. Petra ta nuna ana iyawa. Ta kuma nuna kuɗin da ake biya.

Farko dai, kujerar ba ta ba ta abin da ta shiga nema ba. A 22 ga Oktoba 1983 mutane suka riƙe hannun juna daga Stuttgart zuwa Neu-Ulm, tsawon kilomita 108. Wata ɗaya cif bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da girke makaman, cikin 'yan kwanaki suka fara isowa. Kujera 27 cikin kusan ɗari biyar ba ta hana komai ba. A Disambar 1987 ne Reagan da Gorbachev suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawar da Pershing da SS-20 baki ɗaya, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan ko matsin talakawa ne ya kawo haka ko tsoron makaman da aka girke. Ni a ganina shugabanni ba sa sauka daga kan dokin zuciya sai sun ga jama'arsu ta gaji, kuma Petra na cikin waɗanda suka sa gajiyar ta fito fili. Sai dai a titi ta yi yawancin wannan aiki, majalisa lasifika kawai ta ƙara mata. Duk wanda zai shiga kansila don ya hana rikici, ya san cewa kansila na iya gyara kwalbati da fitilar layi, yana iya shiga ofishin shugaban ƙaramar hukuma ba tare da an tsayar da shi a ƙofa ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga unguwar da kullum ake yi wa kallon baƙi bayan shekara ɗari da 'yan kai. Amma daren da gari ya rikice, ba kujera ce ke tsayawa a bakin layi ba.

Sannan gidan nata ya dare. Jam'iyyar ta kafu ne a kan tsoron kada 'ya'yanta su zama irin 'yan siyasar da suka zo yaƙa, Petra ma da kanta takan kira ta jam'iyyar da ke adawa da jam'iyyanci. Don haka suka yi doka: ɗan majalisa zai yi shekara biyu ya sauka, na bayansa ya ƙarasa wa'adin. Da lokaci ya yi a 1985, mafi yawa suka sauka, Petra ta ƙi. Hujjarta ita ce shekara biyu ba ta isa mutum ya koyi aikin ba, kuma daga baya jam'iyyar da kanta ta yi watsi da tsarin. Duk da haka a nan ban ba ta gaskiya ba. Wanda ya tara mutane a kan alkawari, ko alkawarin ya zama kuskure, a gaban mutanen ake warware shi, ba shi kaɗai ba. Su ma abokan tafiyar ba su kyauta ba, don da yawansu sunanta ne ya tsone musu ido, alhali da sunan suka haye.

A daidai lokacin jam'iyyar ta rabu biyu, masu cewa a shiga gwamnatin haɗaka a samu ko rabin biyan buƙata, irin su Joschka Fischer, da masu cewa duk wanda ya shiga an saye shi. Dattawanmu ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Sun ga PRP bayan ta ci Kano da Kaduna a 1979, sun ga yadda 'ya'yan gida ɗaya suka koma 'yan santsi da 'yan taɓo, waɗanda suka sha ɗauri tare tun zamanin NEPU suka daina gaisawa. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, mako shida bayan zaɓen da ya kai Petra majalisa, kuma ya bar jam'iyyarsa a rabe. Tafiyar da aka fara don talaka, in ta ɗanɗani mulki, gardamar farko da ke tasowa ita ce wa ya sayar da wa.

Petra ba ta shige ko wane ɓangare ta zauna ba, sai ta zama ba ta da kowa. Ta ci gaba da aiki ba dare ba rana. Ta ɗauki maganar Tibet lokacin da gwamnatoci ke tsoron ɓata wa Sin rai, ta shirya babban zaman sauraron bahasi a kai a Bonn a 1989. Wasiƙu na zuwa mata daga ko'ina a duniya, tana ƙoƙarin amsa kowace. Waɗanda suka yi aiki a ofishinta ba sa daɗewa, don nauyin da take ɗora wa kanta shi take ɗora musu. Lafiyarta, wadda dama tun ƙuruciya ciwon ƙoda ya raunana, ta ƙara taɓarɓarewa, fargaba ta kama ta har ba ta iya tafiya ko'ina sai da Bastian, wanda ya zama abokin zamanta, direbanta, sakatarenta, mai ɗaukar jakarta. Duniya ta santa, unguwarta ba ta santa ba. A zaɓen Disambar 1990 jam'iyyar a yammacin ƙasar ta kasa kai kashi biyar, ta fita daga majalisa. A 1991 Petra ta nemi shugabancin jam'iyyar da ta haifa, wakilai suka zaɓi wata.

Ranar 19 ga Oktoba 1992 aka buɗe ƙofar gidansu a unguwar Tannenbusch ta Bonn, bayan dangi sun ji shiru ya yi yawa. Aka same ta a kan gado, shi a bakin ɗaki. Binciken hukuma ya nuna Bastian ne ya harbe ta tana barci, sannan ya harbe kansa, kuma an ƙiyasta cewa tun ranar 1 ga wata abin ya faru. Tana da shekara 44, shi 69. Matar da ta ƙare rayuwarta tana roƙon manyan ƙasashe su ajiye makamai, ƙaramar bindiga ce a cikin ɗakinta ta kashe ta, a hannun mutumin da ta fi yarda da shi.

Kwana goma sha takwas. Gaskiya ne mutane ne masu yawan tafiya, wanda bai gan su ba zai ɗauka suna wata ƙasa. Amma wannan mata ta taɓa tsayawa gaban dubban ɗaruruwa suna tafa mata, jam'iyyarta na da ofisoshi a garin, kuma aka yi sati biyu da kwana huɗu ba wanda rashin jin muryarta ya hana barci har ya tashi ya je ya duba. A Sabo, in mutum bai fito asuba biyu a jere ba, kafin hantsi an aika yaro gidansa. Ina faɗin wannan ba don mun fi su kirki ba, sai don muna da wani abu da kakanninmu suka gina da gangan, kuma ina ganin yadda siyasa ke cinye shi a hankali.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau, kuma duk cinikin a kan amana yake tafiya: maigida ya sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kan bashin da mahauta suka ɗauka. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya nuna cewa a shekarun 1950, da jam'iyyu suka shigo suna zawarcin mutane, ikon sarkin unguwa ya yi rauni, aka ji tsoron kan Sabo zai rabu. A daidai lokacin ne jama'a suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka kuma fara sallar Juma'arsu a cikin unguwa. Wannan mataki yana da nasa farashi, don ya raba sahunmu da na Musulmin Yarabawa a ranar da ta fi kowace haɗa mutane, kuma Sabo ta yau ba ta ɗariƙa ɗaya ba ce. Amma hikimar da ke ciki ta tsaya: sun gane cewa dole a samu wurin zama da ba na jam'iyya ba, inda ɗan wannan tuta da ɗan waccan za su haɗa gwiwa a tabarma ɗaya, a san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Wannan ne Petra ta rasa. Tafiyarta ta narke ta zama jam'iyya, da jam'iyyar ta juya mata baya babu zauren da za ta koma.

Jam'iyyar kuwa ta ci gaba ba tare da ita ba. A 1998 ta shiga gwamnati, Fischer ya zama ministan harkokin waje, a 1999 jiragen yaƙin Jamus suka shiga yaƙin Kosovo, karo na farko da ƙasar ta shiga yaƙi tun 1945, da amincewar jam'iyyar da aka kafa a kan ƙin yaƙi. Ita ce kuma ta sa aka fara shirin rufe tashoshin lantarki na nukiliya, har aka kashe ukun ƙarshe ranar 15 ga Afrilu 2023. Masu sassauci sun samo abin da masu tsauri ba za su taɓa samowa ba, sun kuma ba da abin da Petra ba za ta taɓa bayarwa ba. Ban ga yadda mutum ɗaya zai zama duka biyun ba. Shi ya sa ake buƙatar wani a ciki, wani a waje, kuma su ci gaba da cin tuwo tare.

Akwai wani bambanci da bai kamata in ɓoye ba. Petra ba ta da ubangida. Kashi 3.2 da suka samu a zaɓen majalisar Turai na 1979 ya sa hukuma ta mayar musu da kuɗin yaƙin neman zaɓe sama da mak miliyan huɗu, kuɗin Jamus na lokacin, da shi suka kafa jam'iyya. Shi ya sa ta iya tsayawa gaban Honecker da gaban nata shugabannin ta faɗi abin da ta ga dama. A nan wanda ya saya maka fom ya sayi wani yanki na bakinka, kuma ba zai zo karɓa ba sai ranar da yaransa ne suka yi ɓarna, kai kuma aka kira ka sulhu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya dawo. Na ba shi labarin nan kusan yadda na rubuta shi, yana saurare bai katse ni ba sai da na zo kan kwana goma sha takwas, ya ce, "Innalillahi. Ba ta da dangi ne, Kawu?" Na ce tana da su, kakarta ma na raye a lokacin, ita ce cikin waɗanda suka damu da shirun. Abokan gwagwarmaya ne suka watse.

Na ce masa ban hana shi ba. Unguwar nan na buƙatar ɗanta a inda ake rabon kwalta da rumfunan kasuwa, kuma gara mai tsoron jini da wanda bai taɓa ganinsa ba. Amma kuɗin fom kada ya fito daga aljihu ɗaya. In da gaske mutane ke son sa, a yi karo-karo, 'yan goro da 'yan canji da masu tsire da mahauta, a rubuta a littafi, in bai taru ba ya san amsar ke nan. Na ce kuma kafin a buga fastarsa ko ɗaya, ya tara abokan sulhunsa ya miƙa ragamar ga wanda ba shi da katin kowace jam'iyya, ya kai shi Mokola da ƙafarsa ya gabatar da shi ga mutanen da ke ɗaga wayarsa, don daga ranar da hotonsa ya hau bango rabin unguwa za su daina ganin ɗan sulhu, ɗan takara za su gani. Kada kuma su bi shi cikin jam'iyyar, ko ya roƙe su. Su tsaya inda suke, su riƙa kiran sa suna faɗa masa abin da 'yan rakiya ba za su faɗa ba.

Ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce, "To Kawu, in na faɗi fa? Ko in na ci, suka juya mini baya?"

Na ce, "Wannan namu ne, ba naka ba. Zumunta a ƙafa take. Ni da iyayenka na layin nan, duk Juma'a bayan la'asar muna gidanka, ka ci ko ka faɗi. In ka ga ba mu zo ba ka aiko a duba mu."

Bai kai ga amsawa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya juya harshe zuwa Yarabanci, na tsinci cewa wani mai kwandon tumatir ne da direban tasi suka kaure a ƙarƙashin gadar Mokola, mutane sun fara taruwa. Ya miƙe yana neman takalmansa. Har ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, ya lalubo wata lamba, ya kira ɗaya daga cikin abokan nasa, ƙaramin cikinsu, ya ce masa ya hau babur ya same shi a can, yau shi zai yi magana.